Shekarar da Muka Ɗauke wa Delu Ƙafa

Wannan da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, saboda haka ku gyara zama, amma kada ku jira dariya a ƙarshe. 'Yar'uwarku Hauwa ce ke riƙe da biro, a rubuce zai iso muku, ni nawa baki ne, kuma na ce mata ko ta ji abin da bai yi mata daɗi ba ta rubuta shi yadda ya fito. Na gaji da jin yadda kuke ba da labarin abin da ya shiga tsakanina da maƙwabciyata Delu. Kuna cewa Iya ba ta sani ba, da ta sani da ba ta yi ba. Allah ya yi muku albarka da kuka rufa mini asiri. Sai dai ba haka aka yi ba.

Daga wajen Furana aka kawo ni Makarfi ina da ƙuruciyata. Unguwar da aka ajiye ni a gangare take, duk ruwan da ya sauka a gari ta wajenmu yake neman hanya. Kowace damina sai katangar wani ta kwanta, sai rumbun wani ya jiƙe, sai an tashi an ga takalman masallaci suna yawo a bakin kasuwa. Da maza suka gaji da kai kuka inda ba a ji, sai suka haɗa kansu suka yi ƙungiyar unguwa. Su yashe magudanar ruwa kafin saukar damina, su cike ramukan hanya, su nome maƙabarta, in ɗakin wata tsohuwa ya rushe su taru su tayar mata. Mu mata da dafa musu abinci muka fara, ranar da suke aikin gayya. Daga nan muka ce, to, tunda ga mu a tare, me zai hana mu ma mu yi tamu? Muka sayi manyan tukwane na biki da na suna, muka tara tabarmi, muka ware masu wankan gawa. Amma abin da ya riƙe ƙungiyarmu, abin da ya sa mace ba ta iya zama a unguwar nan ba tare da mu ba, shi ne itacen jego.

Ku na yanzu da kuke haihuwa a asibiti ku dawo gida ku murɗa gas, ba za ku san nauyin itace ba. A zamaninmu in mace ta haihu, kwana arba'in take wanka da tafasasshen ruwa, safe da yamma. Rabin duro ake ɗorawa a murhu, ya tafasa har ya yi ta tsalle, a tsoma ganyen darbejiya a yi ta fyaɗa mata a jiki. Ga kunun kanwa da ba a sauke shi, ga wutar da ake hurawa a ɗaki don kada sanyi ya shige ta. Babu gidan talakan da ke iya ciyar da wannan wuta shi kaɗai. To sai muka tsara, in an haihu, kowace mace da ranarta, ta ɗauro itace ta ɗora a ka ta shiga da shi ta ƙofar gida, ta yi sallama ta sauke. Kafin a yi suna sai ka ga itace ya kai tsayin mutum a tsakar gidan mai jego. Da shi ake gane 'yar da ke da mutane.

Ba karatu ne ya sa aka ba ni uwar ƙungiya ba, don ko alif ban sani ba. An ba ni ne saboda ba na manta wadda ta zo da wadda ba ta zo ba, kuma bakina ba ya rawa a gaban kowa. Lokacin da na karɓa abin ya fara lalacewa. Mace tana zaune tana kitso sai ta aiko maƙwabciya ta ce kanta ke ciwo. Wata ta ce baƙi ta yi. Har aka wayi gari wata mai jego ta yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar na alwalar tsoho. Ranar na tara mata na kafa doka. Na ce daga yau ba a aiko da uzuri. Mai uzuri ta zo taron Juma'a bayan la'asar, a tsakar gidana, ta faɗe shi da bakinta kowa ya ji. Wadda aka yi kira uku ba a gan ta ba, kuma ba ta faɗi dalili ba, a ɗauke mata ƙafa wata uku. Ba gaba ba ce, ana gaisawa. Amma babu tukunya, babu tabarma, babu itace, babu hannu a aikinta, in ba gawa ce ta faɗi a gidan ba. Dokar ta yi aiki, ba zan ɓoye muku ba. Har daga wasu unguwanni ake zuwa tambayar yadda muka yi. Na ji daɗin kaina a shekarun nan, na ji fiye da yadda ya kamata.

Delu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma katangar ba ta wuce ƙirjina ba. Ta kanta muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da labari. Ita ta riƙe ni a haihuwata uku. Daga wata ruga ta wajen Kudan aka auro ta, doguwa ce marar yawan magana, in tana dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Kunya kam Allah ya zuba mata. Kun san a tarbiyyarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ni ma ban taɓa kiran sunan babban wanku ba, amma nawa wasa ne a kan na Delu. Ɗanta na fari Habu, tun daga yaye gwaggonsa ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. In ya shigo gaishe da Delu sai ta juya tana gyara murhu, ta amsa kamar da bango take magana. In aka ambaci sunansa a taro sai ta sunkuyar da kai. Baƙo zai rantse ƙanin mijinta ne. Mu kuwa muna yaba mata, muna cewa 'ya'yanmu su yi koyi.

A shekarar da nake ba ku labari mijin Delu ya shekara biyu da rasuwa, gwaggon nan ma ta bi shi. Habu ya zama saurayi yana bin manyan motocin tumatir zuwa kudu, shi ke ɗauke da gidan. Da bazara motarsu ta faɗi, cinyarsa ta karye, aka kwaso shi aka kai shi gidan wani mai ɗori a wani ƙauye a hanyar Gubuchi. Duk unguwa ta ji. Muka shiga jaje, Delu ta amsa mana kamar ɗan maƙwabta ne ya yi tuntuɓe. Kowa ta ɗauka dangin uba na can suna jinyarsa, don ba a taɓa jin uwa ta je ta zauna a kan ɗan fari tana ba shi abinci a baki ba. Dangin uban kuwa sun je sau ɗaya sun dawo.

Sai Delu ta tsiri tallar daddawa. Ta fita da sassafe da ƙwarya a ka, ta dawo la'asar sakaliya, ƙwaryar kamar yadda ta fita. Wata rana da hantsi na leƙa ta kan katanga zan karɓi rariya, sai na gan ta a bayan rumbu, inda ba a shanya, tana matse wani wandon namiji da aka yanke wa ƙafa ɗaya tun daga cinya. Ta ɗago, na gan ta, ta gan ni.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ta ce, "Yauwa, sannu."

Na sauke kaina ban karɓi rariyar ba. To kun ji. Tun daga ranar na san inda take zuwa, na san wa take wanke wa kaya, na san wa take juyawa a kan tabarma. Kuma ta san na sani.

Kira uku aka yi a watan nan. Na farko girkin 'yan gayya da suka yashe magudana. Na biyu aikin gidan wata rasuwa. Na uku itacen jegon surukar Hajiya Ladi. Duka ukun ba a ga Delu ba. Hajiya Ladi kuwa mace ce mai hali da baki, mijinta dillalin rake ne, kuma a farkon shekarar na ɗauke wa ƙanwarta ƙafa duk da roƙon da ta yi mini har gida. Ba ta manta ba. Ni ma da ni ce ba zan manta ba.

Ranar Juma'a aka cika tsakar gidana. Hadari ya haɗu a gabas, kowa na so a yi a tashi. Na yi ta jan maganar tukunyar da ta tsage, ina fatan ruwa ya sauko ya raba mu. Sai Hajiya Ladi ta gyara ɗaurin kallabi.

"Uwar ƙungiya, wai dokar nan taki ta tafi ganin gida ne, ko tana nan?"

Na ce, "Tana nan, Hajiya."

"Au, to. Na ɗauka ba ta iya tsallake gajeriyar katanga."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Delu na zaune a gefen turmi, ta miƙe ƙafafu, duk sun yi furu-furu da ƙurar hanya.

Na ce, "Delu, kira uku ba mu gan ki ba. Kina da uzuri?"

Ta ce, "Babu."

"Ko jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi."

Hajiya Ladi ta ce, "Talla ce ta riƙe ta, ku bar baiwar Allah. Ni dai a sammini irin wannan daddawa, wata guda ana sayarwa ba ta raguwa."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ke Dije, a bar maganar nan haka mana, ga ruwa nan tafe."

Hajiya Ladi ta ce, "Da aka zo kan ƙanwata rana ake yi tsaka, shi ya sa ba a bari ba?"

Ku saurara da kyau, don nan ne wurin. Hanya uku ce a gabana, kuma duka na gan su sarai. In faɗi inda take zuwa, in tsiraita ta a gaban mata talatin, wannan ba zan yi ba. In bar doka ta hau kanta. Ko kuwa in ce, uzurin Delu yana wurina, na karɓa, ba zan faɗa ba, wadda za ta zage ni ta zage ni. Da na faɗi haka da Hajiya Ladi ta wanke ni tas, da an ce Dije mai son kai ce, wataƙila da an karɓe shugabancin. Iyakarta ke nan. Ba abin da zai same ni da ya wuce wannan. Amma sai na ce a raina, bari in sake tambayarta, ai kalma ɗaya ce, ta ce jinya kawai, ba sai ta ce ta wa ba. Kamar ban san cewa da ta ce jinya za a ce ta wa ba. Kamar ban san Delu ba.

"Delu, karo na uku ke nan. Ko da kalma ɗaya ce, ki faɗa mu ji."

Ta dube ni kawai. Ba harara ba ce, ba roƙo ba ne. Kallon wadda ta ba ka ajiya ne tana jira ta ga abin da za ka yi da ita.

Na ce, "To, doka ta hau. Wata uku."

Ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta nemo takalmanta a cikin na mutane, ta ce, "Allah ya ba mu alheri," ta fita. Ruwan bai ma sauko ba ranar.

Da mahaifinku ya dawo daga masallaci labari ya riga shi shigowa. Ya zauna na ajiye masa tuwo, bai buɗe ba.

"Dije, me na ji kin yi?"

"Doka ce, Malam."

"Wa ya saukar da ita?"

Na tura masa ruwan wanke hannu.

"Mu ma muna da doka a tamu ƙungiyar. Amma in mutum ya yi shiru a gaban jama'a, janye shi ake yi gefe. Ba a tambayar mai kunya sau uku."

Na ce, "Wata uku ne fa, kamar yau ne."

Ya ce, "Allah ya sa," ya ja kwanon.

Abin da ban sa a raina ba shi ne Rabi, 'yar Delu da ke aure a Ikara. Na san tana da ciki, na kuma san cikin fari a gidan iyaye ake wankansa. Duk na sani, hankalina ne bai haɗa su ba. Wata guda da 'yan kwanaki bayan taron aka kawo ta, a tsakiyar marka, lokacin da ake kwana a wuni ana yayyafi, ko ashana sai an sa ta a hammata kafin ta kama. Wata safiya ina tankaɗe na ji kukan jariri ta kan katanga. Babu guɗa. Delu ba za ta yi wa jikanta na wajen 'yarta guɗa da kanta ba, mu kuwa da ke yi an ɗauke mana ƙafa da bakina.

Muka shiga barka, tunda ba a hana gaisuwa ba. Ban taɓa ganin abu mai muni irin wannan ba. Mata suna shiga ɗaya bayan ɗaya, hannu na dukan cinya, a ce barka da arziki, Allah ya raya, a fito ana kallon ƙasa. Wurin da ake tara itace a share yake fes, Delu ta share shi kamar yadda ake yi. Wasu suka tsaya a zaure suna jira su ga ko zan ce wani abu. Na wuce su na shige gida.

Daga nan sai hayaƙi. Ɗanyen itace take samowa a bakin fadama, jiƙaƙƙe, ta yi ta hura shi tana tari, hayaƙin ya tsallako ya cika mini ɗaki. Da wannan ya gagara ta fara zare karan dangarta. Danga ta ƙare ta cire ƙyauren ɗakin awaki. Na ji da kunnena ranar da ta sa gatari ta faskara tsohon turminta. Kuma duk bayan kwana biyu, in ta gama wankan safe, sai ta ɗauki ƙwaryar nan ta kama hanyar Gubuchi, ta dawo a guje don na yamma. Wuyanta ya zama kamar na zakara. Ranar suna a ƙananan tukwanenta ta yi girki, sauki wannan ɗora wancan, manyan tukwanenmu na kife a ɗakina.

Ban iya jurewa ba. Na zaɓi busasshen itace daga madafata, na marke mai kyau, na ɗaure, na jira ta fita, na sauke mata ta kan katanga. Da la'asar na tarar da shi a gefena, an kwance igiyar an sake ɗaurewa, ɗaurin ya fi nawa kyau. Ko tsinke ba a zare ba. Mahaifinku na alwala yana kallona.

Ya ce, "Ta ƙofa ake kai itacen jego, Dije."

Gaskiya ya faɗa. Taku ashirin ne daga zaurena zuwa nata. Da na ɗora a ka na fita da rana tsaka na yi sallama, da kafin magariba gidan ya cika da itace, don duk jira suke. Amma na ce wa kaina, in uwar ƙungiya ta taka dokarta yau, gobe wa zai ɗauki itace? Za a koma ciwon kai da baƙi. Wataƙila ma da gaskiyata a nan, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba wannan ne ya riƙe mini ƙafa ba. Ga shaida. Ana kwana ashirin da haihuwa Hajiya Ladi da kanta ta shigo gidana, ta ƙi zama.

"Dije, ni fa ban ce a kashe ta ba. Jiya na gan ta tana tsintar totuwar masara a bola. Ki kira taro a janye abin nan."

Na ce, "Ba ke kika nema ba?"

"Na nema, na kuma fasa. Haushinki nake ji, ba nata ba."

"Doka ba zanin aro ba ce, Hajiya, da za a karɓa yau a mayar gobe. Saura wata ɗaya."

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai, Allah ya sawwaƙe miki," ta fita. Kun gani? An buɗe mini ƙofa na ƙi shiga, don kada a ce Ladi ce ta ɗaure, Ladi ce ta kwance.

Rabi ta koma wanka sau ɗaya a rana, kafin kwana talatin aka daina. Ba abin da ya same ta, ga ta nan da jikokinta. Yanzu ma malaman asibiti cewa suke wannan ruwan zafin namu ya yi yawa, har na ji wata na cewa gata muka yi mata. Amma dangin mijinta sun daɗe suna yi mata gori, wai 'yar gidan da aka kasa cika mata arba'in. Habu ya tashi da ɗingishi, bai ƙara bin mota ba, ya koma gyaran keke.

Da wata uku suka cika, an fara cin sabuwar masara, muka ɗauki goro muka je mayar da ƙafa kamar yadda aka saba. Delu ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi kowa mutanen gidanta. Na ce mata ranar Juma'a akwai taro. Ta ce Allah ya kai mu. Ba ta zo ba, ba ta kuma ƙara zuwa ba har ta bar duniya. Amma duk gidan da aka haihu a unguwar nan, kafin ranar kowa ta zo, za a tarar da ɗaurin Delu a tsakar gida. Ita kaɗai take kai nata, ba da sunan kowa ba. Ni kuwa kullum safiya za ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, yaya Malam, yaya yara, ba ta taɓa rage ko ɗaya ba. Daga nan sai ta juya. Shekara goma sha tara muna haka. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan shekara biyu na sa aka gyara dokar, aka ce uwar ƙungiya na iya riƙe uzurin mace a cikinta ba sai an faɗa a taro ba. Ba wadda ta tambaye ni dalili. Daga baya na sauka na ba masu ƙarfi. Ƙungiyar na nan har gobe, yanzu da waya ake kira, sun sayi kujeru da rumfa, sun haɗu da maza sun yi famfon burtsatse. Kada wani cikinku ya ji labarin nan ya ce zai janye jiki daga mutane. Su suka tayar mana da katanga sau biyu, su suka haƙa kabarin mahaifinku cikin ruwan sama, matan nan su suka zauna da ni har na fita takaba. Ba ƙungiya ce ta yi wa Delu abin da aka yi mata ba.

Da ciwon ajalinta ya kwantar da ita na yi ta shiga dubiya cikin mutane ina fitowa cikin mutane. Wata rana bayan azahar na daure na shiga ni kaɗai. Habu na zaune a ƙofar ɗaki, furfura ta fito masa, ya matsa ya ba ni hanya. Ta rame har ba a ganin tudunta a cikin bargo. Muka gaisa, ba ta rage ko ɗaya ba.

Na ce, "Delu, gafara na zo nema."

"Ta me?"

"Ta shekarar jegon Rabi."

"Ai doka ce."

"Ba doka ba ce. Na san inda kike zuwa. Tun kafin taron na sani."

Ta juyo da kai ta dube ni.

"Shi nake jira ki faɗa," in ji ta. "Kowa cewa yake Dije ba ta sani ba. Har Rabi haka take cewa, tana ba ki uzuri. Ni kuwa ba ni da bakin da zan ce kin sani. In na ce kin sani, sai an ce kin san me."

Sai ga Habu ya ɗingiso da kofin kunu. Ta kau da kai wajen bango.

"Ce wa wancan ya ajiye a nan."

Ya ajiye ya fita. Na ɗaga ta na ba ta, ta sha kurɓi biyu.

"Na yafe miki, Dije, duniya da lahira. Itacen ban riƙe shi ba, wuta ta ci ta wuce. Amma ki faɗa da bakinki, yadda kika ce kowa ta faɗi nata. Ni na kasa, kin kuwa san dalilina. Ke mene ne naki?"

Na ce mata zan faɗa. Kwana tara bayan nan ta cika, ni na wanke ta.

Yau shekara shida ke nan ina cewa gobe. Na yi ta ganin Rabi a biki da makoki, ta durƙusa har ƙasa ta ce Iya ina wuni, ta kawo mini goro, in karɓa in sa mata albarka. Yanzu gwiwoyina sun ƙi, idona na dama ya tafi, goben ta fara ƙarewa. Hauwa, in kin kai nan ki ajiye biron. Kada ki ba kowa cikin 'yan'uwanki takardar nan tukuna. Ki shiga mota ki kai wa Rabi Ikara, ki karanta mata tun daga farko, kada ki tsallake ko layi ɗaya. In ta ce ba ta son ganina, ki dawo ki faɗa mini yadda ta faɗa. In kuwa ta ce in zo, ki zo ki kama mini hannu.